2.3 Aikin Schildkrout Kan Talla da Karatun 'Yan Mata

Schildkrout (1978) ta fara bincikenta a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal na birnin Kano a shekarar 1976, wato shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta. Ta nuna cewa matan kulle sun dogara ga yara wajen fitar da hajarsu, kuma da ribar talla ake haɗa wa yarinya kayan ɗaki. Don haka sanya yarinya a makaranta yakan taɓa sana'ar uwa da tanadin auren ita 'yar. Aikin yana da alaƙa da wannan nazari, sai dai ya taƙaita ne ga Kano, shi kuwa wannan ya dubi 'yan matan Ƙofar Durbi, Katsina.