Tara da Diyya: Yadda Ake Binciken Haɗari a Wajen Ɗaukar Shirin Talabijin

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne, a makaranta na koyi Hausa, kuma na daɗe ina ɗaukar "tara" da "diyya" a matsayin abu ɗaya. Labarin wani haɗari da ya faru a Amurka shi ne ya bambanta mini su. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin yadda hukuma take binciken irin wannan haɗari a can, da hukuncin da yake biyo baya.

Abin da Ya Faru

A watan Yuli na shekarar 2017, ana ɗaukar shirin The Walking Dead a jihar Jojiya, sai John Bernecker, mai shekara 33, ya faɗo daga tsayin da ya haura ƙafa 20. Aikinsa shi ne yin wasan kasada a madadin jarumai. Maimakon ya sauka a kan katifar da aka shimfiɗa masa, sai ya faɗa kan siminti, kuma wannan ne ya zama ajalinsa.

Yadda Ake Binciken

Hukumar da take kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki ita ce OSHA, wadda aka kafa bisa dokar 1970. A wajenta, filin ɗaukar shiri wurin aiki ne kamar masana'anta. Idan ma'aikaci ya mutu, dole kamfani ya sanar da ita cikin awa 8. Daga nan sufeto zai zo ya duba wurin, ya karanta takardu, ya kuma yi wa ma'aikata tambayoyi. Hukumar tana da wata 6 ta fitar da takardar tuhuma, kamfani kuma yana da kwanakin aiki 15 ya ƙalubalance ta.

Tara

A Janairun 2018 hukumar ta ci kamfanin Stalwart Films tarar dala 12,675, saboda bai ba ma'aikaci isasshiyar kariya daga faɗuwa ba. Wannan shi ne iyakar abin da doka ta yarda a lokacin ga laifin da ake kira "mai tsanani". Da an same shi da ganganci, da tarar tana iya kai dala 126,749. Kuɗin tara kuwa baitulmali yake shiga, iyalin mamaci ba su samun ko sisi.

Diyya

Iyayen mamacin sun kai ƙara, kuma a Disambar 2019 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya dala miliyan 8.6. Amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne marigayin ma'aikacin kamfanin ne, don haka dokar biyan diyyar ma'aikata ce kawai ta shafe shi.

Kammalawa

Tara hukunci ce, diyya kuma biyan hasara ce, amma dukkansu sai bayan an rasa rai suke zuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Da yawa daga cikinmu gidajen talabijin za mu nufa bayan kammala karatu. Duk ranar da aka ce mu hau sama ko mu shiga ruwa don ɗaukar shiri, mu fara tambaya: wa ya duba wurin nan?