Kwanar Hagu a Mahaɗar da Ba Danja: Wa Zai Jira Wa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon rigimar direbobi bayan an yi karo a mahaɗar hanya ya san yadda take kasancewa. Wannan ya ce "ai na sa sigina", wancan ya ce "ai ni na riga shigowa", 'yan kallo su rabu gida biyu, a ƙarshe wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya. Idan mahaɗar ba danja, ba allo, ba mai ba da hannu, to sau da yawa za ka tarar ɗayansu kwanar hagu ya zo yi. Alhali a ƙa'idar tuƙi maganar ba ta da wani ruɗani: mai kwanar hagu shi ne zai jira. Sigina sanarwa ce ta abin da kake niyyar yi, ba ta mallaka maka titi.

Dalilin yana cikin hannun da muke bi. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, irin na maƙwabtanmu Nijar, Chadi, Kamaru da Benin. A hannun dama, kwanar dama lafewa ce kawai a gefen titi, ba ka tsallaka gaban kowa. Kwanar hagu kuwa dole sai ka ratsa hannun masu tahowa ta gabanka, wato ka shiga gonar da ba taka ba. Mu da muka yi darasin tsara hanyoyi an sa mu ƙirga wuraren da motoci biyu za su iya haɗuwa a mahaɗa mai hanya huɗu, sun kai 32. Guda 16 a ciki na gittawa ne, inda wata motar ke yanke gaban wata, kuma 12 daga cikin 16 ɗin nan da mai kwanar hagu a ciki. Shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 kacal gare shi, kuma ba na gittawa ko ɗaya. Shi ya sa injiniyoyi ke son shataletale, ba don ado ba.

To su wa zai jira? Na farko duk mai tahowa ta gabansa da zai miƙe, mota ce ko babur ko keke. Haka wanda ya taho ta gabansa zai yi kwanar dama, domin titi ɗaya za su shiga kuma shi wancan ba ya ratsa hannun kowa. Sai mai tafiya a ƙasa da ke tsallaka titin da za a shiga, wanda a garuruwanmu kusan ba wanda ke lissafi da shi. Yarjejeniyar zirga-zirga ta duniya da aka ƙulla a Biyana a 1968, wadda Najeriya ta shiga cikinta a 2018, ta fito fili a kan wannan, cewa mai sauya hanya ya bar masu tahowa ta gabansa su wuce tukuna.

Idan daga ƙaramin layi za ka hau babban titi, kamar yadda muke fitowa daga unguwannin da muke haya, to kowa da ke kan babban titin ya fi ka haƙƙi, na hagunka da na damanka duka, tunda sai ka tsallake hannu ɗaya kafin ka shiga ɗayan. Inda titunan biyu girmansu ɗaya, yarjejeniyar ta ce a bai wa na dama hanya. A Nijar wannan ƙa'ida ta "na dama ya fi" tana cikin abin da ake koya wa direba tun farko, gadon Faransa ne, don haka idan ka ga mota mai lambar Maraɗi ko Damagaram ta ɓullo ta damanka a Katsina ko Kano, kada ka ɗauka za ta tsaya maka. Amma kada a haɗa da shataletale: a can wanda ya riga ya shiga da'irar ake jira, kuma ta hagunka yake zuwa.

Sanin doka ma mai sauƙi ne. Inda ake cin kashi shi ne wajen auna tazara. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kai kuma daga tsaye, kafin ka saki kulochi ka sha kwana ka fice daga hannunta, a ce daƙiƙa biyar. Biyar sau 17, mita 85 ke nan. Ma'ana idan motar nan ba ta kai kusan tsawon filin ƙwallo tsakaninka da ita ba, babu tazarar da kake zaton akwai. Wannan fa idan motarka lafiyayya ce. Ka ɗauki adaidaita sahu da ta ɗauko mutum biyar da buhun shinkafa, ko tsohuwar mota mai mutuwa a giyar farko, lissafin ya ƙara lalacewa. Kuma ido yana yaudara a kan abin da ke tunkaro ka kai tsaye, domin girmansa kawai ke ƙaruwa a hankali, ba ka ganin gudunsa. Babur ya fi komai shiga wannan tarkon. Ƙarami ne, sai ka ga kamar yana nesa, da dare kuma fitilarsa ɗaya tana iya sajewa da ta motar da ke bayansa. Ƙarfen nan da ke gefen gilashin gaba ma ya isa ya ɓoye ɗan acaba da fasinjansa gaba ɗaya na ɗan lokaci.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu, ko da ba mu da ko keke, shi ne gefen da ake dukan. Idan mai kwanar hagu ya yi kuskuren lissafi, motar da ke tahowa gefensa na dama za ta daka. A ƙaramar mota nan ne kujerar mai zaman gaba, direba yana can ɗaya ɓangaren. A adaidaita kuwa nan ne wurin shiga, ba ƙofa ba komai, daga ƙafarka sai bamba. Direban da ya yi gangancin ba lallai shi ne zai fara ji a jikinsa ba, ɗalibin da ya biya kuɗin mota yana sauri ya sami lacca ta ƙarfe takwas ne.

Shi kansa jiran akwai yadda ake yinsa. Ka sa sigina da wuri, ka duba madubin hagu, domin 'yan babur suna da ɗabi'ar yin obatekin ta hagu daidai lokacin da ka rage gudu. Ka matsa kusa da tsakiyar titi ba tare da ka taka hannun wasu ba, saboda na bayanka su samu wucewa ta dama. Sannan ka bar tayoyin gaba a miƙe har sai za ka tashi. Mutane da yawa suna murza sitiyari tun suna jira, wai don su yi saurin fita. In aka dake ka ta baya tayoyinka a karkace, kai tsaye gaban masu tahowa za a cilla ka. In a miƙe suke, gaba kawai za ka gangara a hannunka. Kuma a daina yanke kwana. Wanda ya yanke ta ciki ya faɗa titin ta hannun masu fitowa, aron hannu ya yi, ko na mita biyar ne.

Wasa da fitila kuma ni ban yarda da shi ba sam. A titunanmu walƙa fitila yana nufin "wuce", yana kuma nufin "kauce ga ni nan", ya danganta da halin mai motar. Ko da mutum ya tsaya da gaske ya yi maka nuni da hannu, hannunsa kaɗai ya ba ka, bai san babur ɗin da ke kutsowa ta gefensa ba. Haka idan ku biyu kuka fuskanci juna kowa zai yi hagu: za ku iya shan kwana a gaban juna ba tare da kun gitta ba, amma jikin motarsa, musamman in bas ce ko tifa, ya rufe maka wanda ke miƙowa ta bayanta. Sai ka leƙa a hankali har ka ga titin da idonka.

Na baya zai danna maka hon, wani ma har da zagi. Ba shi ne zai biya gyara ba. A babban titi mai cunkoso, in akwai shataletale a gaba, ƙarasawa ka zagayo ya fi tsayawa a tsakiyar titi kana jiran tazarar da ba za ta zo ba. Kamfanin UPS na Amurka, mai raba kaya da dubban motoci, ya daɗe yana tsara wa direbobinsa hanyoyin da ke rage kwanar hagu, saboda ɓata lokaci da ƙona mai da haɗarin da ke cikinta. Mu fasinjoji kuma, in ɗan sahu ya fara cusa kai yana neman yanke gaban mota, muna da bakin cewa "Malam, bari ta wuce, ba ma sauri." In mutum uku suka faɗa a tare, yawanci yana taka birki.