Ɗaga Ƙarfe: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Koci

Gabatarwa

Ɗaga ƙarfe ya samu karɓuwa ƙwarai a tsakanin ɗalibai, maza da mata. Wasu suna zuwa ɗakin motsa jiki na makaranta, wasu kuma suna taruwa a bayan ɗakunan kwana, inda aka zuba siminti a bokitan fenti aka haɗa su da bututun ƙarfe. Yawancinsu ba su da mai koya musu, kowa yana kwaikwayon na kusa da shi ne. Ni ma ina cikin masu wannan motsa jiki, kuma a hannun mai horarwa na fara, wato koci. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai aikin koci, da yadda ake zaɓensa, da abin da sabon shiga zai tarar a makonnin farko.

Amfanin Koci

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk baligi ya riƙa yin aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ke nan ɗaga ƙarfe ba na masu neman faɗin ƙirji kaɗai ba ne. Yana ƙarfafa ƙashi da gaɓoɓi, yana kuma taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari. To amma ƙarfe ba ya rangwame. Wanda ya ɗauke shi a karkace yana iya samun ciwon baya ko na kafaɗa da zai hana shi zaman aji na makonni.

Mu da muka koyi Hausa a aji mun san muhimmancin malami a farkon koyo. Idan ɗalibi ya saba furta kalma da karin sautin da ba nata ba, gyaran yakan fi koyon farko wuya. Haka jiki yake, motsin da ya saba da shi, shi zai riƙa maimaitawa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka babban abin da ake saye a wurin koci shi ne idonsa, domin shi yake ganin bayanka ya lanƙwashe a lokacin da kai ba ka gani.

Yadda Ake Zaɓen Koci

Girman damtse ba shaidar iya koyarwa ba ce. Tambayi koci inda ya samu horo. A Nijeriya akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda take horar da masu koyar da wasanni, kuma jami'o'i da dama suna da sashen ilimin motsa jiki da lafiya. Sannan ka tsaya ka kalli yadda yake aiki da wani. Idonsa yana kan ɗalibinsa ne, ko yana kan waya?

Koci nagari yakan fara da tambayoyi kafin ya miƙa maka ƙarfe: shekarunka, da abin da kake nema, da tsohon rauni, da larurar da kake da ita. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko sikila, ko ƙaba, sai ya fara ganin likita. Batun kuɗi ma a gama shi tun farko, wato nawa ne, sau nawa a mako, kuma yaya za a yi idan wani ya fasa zuwa. Idan aljihu bai kai ba, mutum 2 ko 3 suna iya haɗa kuɗi su ɗauki koci ɗaya.

Makonnin Farko

Kada ka yi mamaki idan aka fara da kai ba tare da nauyi ba. Sandar ƙarfen da ake gasa da ita kilo 20 ce ta maza, ta mata kuma kilo 15, tun ba a ɗora mata komai ba. Wannan ma ya yi wa wasu yawa a ranar farko. Bayan ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, za a koya maka manyan motsi 4: tsuguno da tashi, sunkuyo a ɗago abu daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, tura nauyi daga ƙirji ko kafaɗa, da jawo nauyi zuwa jiki. Akan maimaita kowane motsi sau 8 zuwa 12, a huta, a sake. Ana fitar da numfashi ne a lokacin ɗagawa, domin riƙe shi yana sa jini ya hau.

Idan nauyin ya daina ba ka wuya, sai koci ya ƙara kilo 1 ko 2, ya rubuta a littafi. Wannan ƙari na kaɗan-kaɗan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Tsoka kuma a lokacin hutu take ginuwa, shi ya sa ake barin kimanin awa 48 kafin a sake wahalar da tsokar da aka yi wa aiki. A makonnin farko ƙarfi zai ƙaru alhali madubi bai nuna komai ba, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke fara koyon aikin. Girman tsoka sai bayan kamar wata 2 yake fara bayyana.

Tsamin jiki na kwana 1 zuwa 3 ba abin tsoro ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, alama ce ta a dakata. Idan kuwa fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, a garzaya asibiti, domin ƙoda tana cikin haɗari.

Abinci da Magunguna

Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara da nono sun ishi sabon shiga, tare da isasshen ruwa da barci. Duk kocin da ya yi maka tallar allura ko ƙwayar kumbura tsoka, ka rabu da shi nan take. Irin waɗannan magunguna suna yi wa hanta da zuciya illa, suna kuma rage ƙarfin haihuwa. Ko a fagen gasa ƙarshensu kunya ce. A wasannin Olamfik na 2008 a Beijin, Mariam Usman ta Nijeriya ta zo ta 5 a ajinta na ɗaga nauyi. Da aka sake gwaji a 2016, sai aka kama 2 daga cikin waɗanda suka sha gabanta da laifin shan haramtattun magunguna, lambar tagulla ta dawo hannunta.

Kammalawa

A ganina, sabon shiga ya ɗauki koci na mako 6 zuwa 8, ya riƙa tambayar dalilin kowane motsi, ya kuma adana littafinsa. Bayan haka yana iya ci gaba shi kaɗai, ya riƙa komawa jefi-jefi a duba masa. Kocin da ya san aikinsa, burinsa ka iya tsayawa da ƙafarka. Kada gaggawar kamo abokai ta sa ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka, domin sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.