Takardar Taimakon Zaɓi: Hanyar da Mai Ciwon Fargaba Zai Bi Ya Zaɓi Magani

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayani a kan wata dabara da likitoci suka ɓullo da ita domin taimaka wa masu ciwon fargaba su zaɓi maganin da ya dace da su. Ciwon fargaba ya wuce tsoron da ɗalibi kan ji a daren jarrabawa. Tsoro ne da zullumi da ke kama mutum wata da watanni, ya hana shi barci da karatu da shiga jama'a, wani lokaci har da bugun zuciya da gumi da rawar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Magungunan da ake da su

Abin da ya sa zaɓi ya zama dole shi ne, hanyoyin magani sun fi ɗaya, kuma kowace tana da amfaninta da wahalarta. Ta farko ita ce gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wadda likitoci ke kira CBT. Aaron Beck na ƙasar Amurka ne ya kafa tushenta a shekarun 1960. A ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila, mai fargaba ta yau da kullum kan yi zama 12 zuwa 15, awa ɗaya kowane mako, tare da aikin gida. Ba a haɗiye komai, amma tana cin lokaci da kuɗin mota.

Ta biyu ita ce ƙwayoyi irin su satiralin. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma a farko suna iya jawo tashin zuciya ko rashin barci, wasu kuma su rage sha'awa. Ana shan su watanni da dama, ba a kuma daina su kwatsam. Ta uku ita ce irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium. Shi yana kwantar da hankali cikin sauri, sai dai jiki na sabawa da shi har ya zama jaraba, shi ya sa ake taƙaita shi ga 'yan makonni kaɗan.

Mece ce takardar taimakon zaɓi?

Takarda ce, ko bidiyo, ko shafin intanet, da ke jera waɗannan hanyoyi kafaɗa da kafaɗa. Da farko takan faɗi shawarar da ke gaban majiyyaci ƙarara, har da zaɓin ya ɗan jira a ga yadda hali zai yi. Sannan ta kawo amfani da illar kowace hanya a lissafe. A maimakon a ce "wasu kan ji tashin zuciya", sai a zana hoton mutum 100, a shafa wa adadin da abin ke samu launi, ta yadda ko wanda bai yi nisa a boko ba zai gani da idonsa. Daga nan sai ta juyo da tambaya kan majiyyaci: me ya fi damunka? Saurin samun sauƙi, ko gudun shan ƙwaya kullum? Kana da halin zuwa asibiti duk mako? Ga mace kuma, kina da ciki ko kina shayarwa?

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likita ya san magani, amma majiyyaci ne ya san aljihunsa da aikinsa da abin da zai iya jurewa. Direban da ke tuƙin dare da ɗalibar da ke ajin ƙarshe ciwonsu na iya zama ɗaya, zaɓinsu ya bambanta.

Shin tana aiki?

Masu bincike a birnin Otawa na ƙasar Kanada suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fage, kuma a 2003 aka kafa haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa mai suna IPDAS domin tsara ma'aunin ingancin irin waɗannan takardu. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2024, wanda ya tattara bincike 209 a kan cututtuka iri-iri, ya nuna masu amfani da su sun fi sanin zaɓin da ke gabansu, sun fi fahimtar haɗari, kuma ba su cika zama cikin ruɗu ba.

Sai dai a nan ina so mai karatu ya lura da wani abu. A 2015 an wallafa sakamakon gwajin wasu katuna na asibitin Mayo a Amurka domin zaɓin maganin ciwon damuwa, ɗan'uwan fargaba. Majiyyata sun ƙaru da sani da natsuwa, amma ba a ga bambanci a yawan warkewa ba. Ke nan takardar ba magani ba ce, aikinta gyara shawara ne. Haka kuma ba ta da amfani idan ta lissafa hanyar da babu ita a garin majiyyaci, ko aka rubuta ta da harshen da ba ya ji.

Kammalawa

A ganina, babban darasin shi ne majiyyaci yana da bakin magana a kan lafiyarsa. Ko babu takarda a hannu, wanda ya je asibiti, a Yaba ne ko Aro ko Kaduna, yana iya yi wa likita tambaya uku: waɗanne hanyoyi nake da su, mene ne amfani da illar kowace, kuma yaya yiwuwar su same ni? Wannan ya fi a tsaya a kemis a sayi ƙwaya bisa shawarar aboki. Shawara dai ɗaukar ɗaki ce, sai an haɗa hannu.