Daga Bayan Doki Zuwa Tukubar Tsire: Doguwar Tafiyar Naman Duwala

Da zarar an sallame sallar magariba a New Bell, hayaƙin tukuba kan turnuƙe lungunan unguwar Hausawa, ƙamshi ya bi iska har Bali da Kasuwar Kongo. Mutanen Duwala suna kiran abin "soya", mu kuwa tsire muka san shi. Mai saye ya kai baki, in ya ji daɗi ya yaba wa mai tsire, in ya ji tauri ya ɗora masa laifi. Tsofaffin mahauta kuwa sun san ba nan gizo ke saƙar ba. Kyan nama ko muninsa, a hanya ake yanke rabin hukuncinsa, tun wuƙa ba ta kusanci wuyan sa ba.

Duwala ba ƙasar shanu ba ce. Ruwan da ke sauka a birnin ya haura milimita 3,500 a shekara, kuma dazuzzukan kudu gidan ƙudan tsando ne, mai sa wa dabba sammore. Cutar ba ta bar saniya ba, ba ta bar doki ba. Shi ya sa garken Kamaru suka yi zamansu a arewa da kan tuddai: Adamawa, inda Ngaundere ke zaune kimanin mita 1,100 sama da teku, da tuddan Bamenda, inda Fulanin Mbororo na Sabga suka yi suna wajen hawa. Can ake samun Gudali mai gajeren ƙaho da cikar jiki, da jan Rahaji mai dogon ƙaho, da farin Bunaji. A 1974 gwamnati ta kafa kamfanin SODEPA, mai manyan wuraren kiwo a Faro da Dumbo da Ndokayo, shi ne kuma ke da mayankar Bonendale a tsallaken kogin Wuri, ɓangaren Bonaberi.

Wuni guda a bayan garke

Ko a Texas ne, ko a filayen Ajantina da Barazil inda doki ne ƙafar makiyayi, ko a tuddanmu, ranar tayar da garke da asuba take farawa. Ana ɗaura sirdi tun raɓa ba ta bushe ba, don a ci tafiya cikin sanyi. Kafin a ɗaga, a ƙirga dabbobin, a bar kowane maraƙi ya sami uwarsa ya sha nono. Saniyar da ba ta ga ɗanta ba, komai nisan da aka yi sai ta juya baya, wasu kuma su bi ta.

Mahaya kan raba aiki. Ɗaya a gaba yana nuna hanya yana tsare sauri, wasu a gefe biyu suna mayar da mai ratsewa, na baya kuma su sha ƙura suna lallaɓa guragu da 'yan maruƙa. Garken da ya sami tafiya ba dunƙulewa yake yi ba, miƙewa yake kamar igiya, tsohuwar saniya mai wayo a kan gaba. Amfanin doki a nan ba gudu ba ne. Tsawo ne. Mahayi yana hango abin da ciyawa ta ɓoye wa mai ƙafa, ya tari ɗan bijimi tun bai yi nisa ba. Ranar da aka ga mahaya suna sukuwa, to aiki ya riga ya ɓaci.

Dalilin haka yana cikin halittar saniya. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta, fiye da digiri 300, sai ɗan wurin da ke daidai bayan wutsiyarta. Wanda ya tsaya a wannan wuri, sai ta juyo don ta ga ko wane ne, tafiya ta tsaya. Kowace dabba kuma tana da wata tazara da ba ta yarda baƙo ya ƙetare. Ka shiga cikinta, ta matsa. Ka ja da baya, ta tsaya. Ka tsaya bayan kafaɗarta, ta yi gaba. Ka tsaya gaban kafaɗar, ta ja baya. Farfesa Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta yi suna a duniya wajen bayyana waɗannan ƙa'idoji, har aka sake fasalin mayanku da dama bisa shawararta. Bafulatani bai jira littafi ba. Shi da ya tashi tare da shanunsa, sau da yawa gaba yake shiga, sanda a kafaɗa, ya yi kira su biyo shi. Mai doki yana kora da tazara, mai sanda yana ja da sabo, amma duka biyun ihu da duka ba sa cikin aikinsu.

In rana ta take, a sauka bakin ruwa. Babban sa kan sha lita 40 ko fiye a yinin zafi, kuma yana bukatar awanni a kwance yana tuƙa, domin ciyawar da ya haɗiye da safe ba ta zama jiki sai ya dawo da ita ya sake taunawa. Da la'asar a ɗan ƙara gaba, da almuru a sake ƙirga. Makiyayan Amurka da suka riƙa koro shanu daga Texas zuwa tashar jirgin Abilene tun daga 1867, abin da suke ci a yini bai cika wuce kilomita 16 zuwa 24 ba. Sun gane cewa sauri kan haifi nawa: wanda ya riga kowa isa kasuwa da ramammun shanu, shi ne na ƙarshe wajen riba.

Inda doki ya tsaya

A da, da ƙafa ake gangaro da shanu kudu, makonni ana tafe, ta Tibati da Yoko zuwa Yawunde, ko ta Banyo da Fumban zuwa Nkongsamba, wadda layin dogo ya haɗa da Bonaberi a 1911. Fatake da dillalai da mahauta Hausawa ne suka riƙe igiyar wannan ciniki, da yawansu kuma suka sauke kaya a New Bell, unguwar da Jamusawa suka shata gab da yaƙin 1914, ta zama masaukin baƙi. Da dogo ya isa Ngaundere a 1974, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki: kimanin kilomita 620 zuwa Yawunde, da wasu 260 zuwa Duwala. Yau tarago da tirela ne ke ɗauka.

Sai dai jikin sa bai san an ƙirƙiro jirgi ba. Dabbar da ta kwana ta wuni a tsaye, ba ci ba sha, tana iya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta. A sa mai kilo 400, kilo 20 ke nan ko fiye. Wani abin kashi ne da fitsari, amma in tafiya ta yi tsawo, har tsoka ke bushewa.

Akwai asarar da sikeli ba ya nunawa. A cikin tsoka akwai wani sukarin ajiya da masana ke kira gilaikojin. Bayan yanka, shi ne ke rikiɗa ya zama ɗan tsami a cikin naman, lambar ma'aunin tsamin ta sauko daga wajen 7 zuwa wajen 5.5 cikin kwana guda, wato tsamin ya ƙaru. Wannan tsami ke ba nama jan launi mai haske, ya kuma rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. San da ya sha gudu, ko duka, ko faɗa da baƙin bijimai a cikin mota, ya riga ya ƙone ajiyarsa. Namansa sai ya fito da duhu, ya cije, samansa a bushe, ya yi saurin lalacewa. A gari mai zafi da laima irin Duwala, inda ba kowane mahauci ke da firji ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowane bugun sanda kuma tabo ne a ƙarƙashin fata, wanda dole a yanke a yar.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi da tsada: kada a cusa dabbobi fiye da kima, kada a gwama bijiman da ba su san juna ba, a ba su ruwa da zarar sun sauka, a bar wanda ya galabaita ya huta ya ci kafin a kai shi kwata. Abin da mahayin kirki ke yi wa garke da tsakar rana ke nan, sai dai a nan direba da dillali da ɗan kamasho ne ke riƙe da linzamin.

Gobe da sassafe, in an sauke nama a kasuwa, tsaya ka kalli tsohon mahauci. Kafin ya tambayi kuɗi, sai ya juya cinya ya duba launinta, ya danna da yatsa. Bai taɓa taka Ngaundere ba wataƙila, amma a wannan dubawar ya karanta yadda aka yi tafiyar.