Gargaɗin da bai kamata masu rubuta manhaja su yi watsi da shi ba

Bankuna da kamfanonin sadarwa da dama suna dogara da manhajojin da rubutunsu ke buɗe ga kowa, waɗanda da yawansu da harshen C aka rubuta su. Kafin irin wannan rubutu ya yi aiki, sai an bi da shi ta wata manhaja mai fassara shi zuwa harshen na'ura, kamar GCC. A yayin fassarar ne takan yi gargaɗi game da umarnin printf, wanda ke fitar da saƙo.

Shi printf yana ɗaukar abin da aka fara miƙa masa a matsayin tsari, ba saƙo kawai ba. Idan ya ga alamar %x sai ya karanto abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura, idan kuwa %n ce sai ya rubuta a cikinta. Saboda haka muddin mai rubutu ya miƙa masa kalaman da wani baƙo ya shigar kai tsaye, to ya ba baƙon mabuɗin gida ke nan.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin sakaci, har zuwa shekarar 1999 lokacin da Tymm Twillman ya nuna yadda za a yi kutse da shi a manhajar ProFTPD. A shekarar 2000 aka bankaɗo irinsa a wu-ftpd. Ko a 2021, wani sunan Wi-Fi mai ɗauke da waɗannan alamomi ya riƙa kashe Wi-Fi ɗin wayoyin iPhone, sai da kamfanin Apple ya fitar da gyara.

Gyaran ba shi da tsada: a sa %s a matsayin tsarin, sannan saƙon ya biyo baya. Sai dai wasu, don gaggawar kammala aiki, sukan kashe gargaɗin baki ɗaya, suna cewa saƙon nasu ba daga waje yake zuwa ba. Wani lokaci gaskiyarsu ne, amma rubutun da hannaye da yawa ke taɓawa yakan sauya, kuma wanda zai gaje shi ba lallai ya san dalilin ba.

Wannan ne ya sa masu kula da Fedora suka mayar da gargaɗin kuskure tun daga fitowarta ta 21 a 2014, ta yadda fassarar za ta tsaya cik har sai an gyara layin.