Yadda Ake Tace Magungunan Tsofaffi Masu Doguwar Jinya

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi, galibi a gida ake jinyar tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, shekara da shekaru. Likita ya rubuta masa magani, mai kemis ya ƙara na ciwon gwiwa, ɗansa ya aiko da wani daga Kaduna, ga kuma jiƙon gargajiya. Kafin a ankara magunguna sun taru, ba kuwa wanda ya taɓa duba su a haɗe.

Abin tsoro a nan shi ne, ƙarfin ƙoda da hanta yakan ragu idan shekaru suka ja, watau magani yakan daɗe a jikin tsoho fiye da na saurayi. Saboda haka masana haɗa magunguna suke da ma'aunai na tacewa.

Na farko shi ne jerin da Dokta Mark Beers ya fitar a Amurka cikin 1991 domin gidajen kula da tsofaffi, wanda aka sake sabuntawa a 2023. Jerin ya zayyana magungunan da ya kamata a kauce musu ga mai shekara 65 zuwa sama. A ciki akwai Valium, mai sa jiri har tsoho ya faɗi ya karye, da Piriton, mai rikita tunani da riƙe fitsari. Akwai glibenclamide, wanda kan saukar da sukari fiye da kima. Haka kuma yawan shan diclofenac yana cin ciki, ya taɓa ƙoda, ya ta da hawan jini.

Na biyu, wanda Joseph Hanlon da abokan aikinsa suka tsara a 1992, tambayoyi goma ne da ake yi wa kowane magani. Shin akwai dalilin shansa? Adadin ya yi daidai? Yana karo da wani? An maimaita shi da wani suna? Na uku kuwa, STOPP/START, daga ƙasar Ayalan ya fito a 2008, yana nuna abin da za a dakatar da kuma wanda aka manta ba a fara ba.

Sai dai ma'aunan nan ba su san jiƙo ba, sai an faɗa. Ba a kuma yanke magani kwatsam, musamman Valium, sai da shawarar likita.

Abin da ya rage ga 'ya'ya da jikoki ba shi da wuya. Ranar da za a kai tsoho babban asibitin Kafanchan, a tattara duk abin da yake sha a jaka ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a ajiye gaban mai haɗa magunguna ya duba su ɗaya bayan ɗaya.